Rabin Takardar Magani

"Yau kam ba zai sha ba," in ji Goggo. Ta dafe murfin gwangwanin da muke ajiye maganin a ciki. "Dubi bakinsa, 'yar nan. Ruwa ma da ƙyar yake wucewa."

Na duba. Mijinta, Baba Mai Agogo, yana kwance a doguwar kujerar da ke bakin taga. Leɓɓansa sun tsattsage, wuyansa da ƙirjinsa duk jajayen ƙuraje, jikinsa zafi rau. Shekara goma sha ɗaya muna katanga ɗaya da su, ban taɓa ganinsa ba riga ba sai ranar.

"Goggo, likita da bakinsa ya ce kada a tsayar da maganin nan farat ɗaya. Ina wurin. In aka tsayar, farfaɗiyar za ta dawo, ta fi ta da."

"To wannan da ya feso masa mene ne?"

"Ƙurajen zafi ne."

Ban san ko su ne ba. Amma ni ba na cewa ban sani ba a gaban mutane, tun ina firamare haka nake.

Baba ya buɗe ido ɗaya. "Ku ba ni in sha ku bar mini kunnena. Likitan unguwa ta yanke hukunci."

Haka yake tsokanata. Ni ba likita ba ce, malamar kimiyya ce a sakandaren 'yan mata. A layinmu dai duk takardar da ta zo da Turanci gidanmu ake kawo ta, kuma masu kawowar su ne ke cewa karatu ya sa mini girman kai. Ban taɓa musu ba.

Sati uku kafin nan Baba ya faɗi sau biyu a shagonsa, tsohon maganinsa ya daina riƙe shi. Ni na raka su asibiti aka canza masa wani. Na rubuta lokutan sha a takarda na manna a bayan ƙofa: bakwai na safe, bakwai na yamma.

Satin farko ya sha wuya. Jiri, barci da rana tsaka, ga gani biyu-biyu. Mutumin da ke ɗaukar ƙusa kamar ƙwayar yashi da ɗan hantsaki, sai ga shi yana laluben kofi.

"Kowane agogo yanzu hannu huɗu gare shi," ya ce mini. "Goggonki ma biyu nake gani, alhali ɗayar ma faɗanta ya ishe ni."

"Sai ka rufe ido ɗaya ka huta," in ji Goggo.

Na koma wurin mai ba da magani na tambaya. Ya ce a sha bayan an ci abinci, in zai tashi ya tashi a hankali, ya ajiye keke tukuna, jiki zai saba. Haka muka yi, jikin kuwa ya saba. Baba ya koma shago. Na yi ta jin daɗi kamar ni na haɗa maganin.

Shi ya sa ranar ƙurajen na cire hannun Goggo daga kan gwangwanin, na ɓallo ƙwaya na sa masa a baki. Washegari ma haka, safe da yamma. Da jibinta.

Rana ta huɗu da safe idanunsa suka manne. Da muka ɗaga shi za mu canza zanen gado, fatar bayansa ta biyo zanen.

A asibiti wata likita muka samu, ba na farkon ba. Ta dubi bakinsa, ta dube mu.

"Yaushe ƙurajen suka fara?"

"Kwana huɗu," na ce.

"Kuma yana ta sha?"

"An ce kada a tsayar."

"Kada ku tsayar da kanku, haka ne. Amma in ƙuraje suka fito da zazzaɓi, ko baki ya yi gyambo, a ranar ake kawo mutum, mu tsayar mu sa masa wani. Ba kowa yake samu ba, ɗaiɗai ne. Yana rubuce a takardar da ke cikin kwalin maganin. Wa ke karanta muku?"

Goggo ba ta dube ni ba. Ni ce na ɗaga hannu kamar ɗaliba.

Da na koma ɗauko musu kaya na zazzage kwalin. Takardar na nan, amma rabi ce, an yage ta daga ƙasa. Na karanta abin da ya rage sau uku. Jiri na ciki, barci na ciki, ƙuraje babu. Sai na ɗauki mabuɗin shago.

Baba yana da wata ɗabi'a: in ya kwance agogo, ƙananan ƙusoshin sai ya naɗe su a 'yar takarda mai laushi don kada su ɓace. A aljihun teburinsa na tarar da ƙulle-ƙulle fiye da ashirin. Na dinga warwarewa ina jera su a kan gilashin teburin, ƙusoshi na gangarewa ƙasa. A na tara na ga layin da ke gargaɗi kan ƙurajen. Baƙin rubutu ne mai kauri, a cikin ɗan akwati.

Har yau ban san yadda aka yi ba. Ranar da muka karɓo maganin takardar cikakkiya ce, kuma na karanta ta. Ko na tsaya a tsakiya da Goggo ta kawo mini ruwa? Ko na karanta layin ya wuce ni? Likitan farko ma ina tuna bakinsa yana motsi sa'ad da nake rubuta lokutan sha. Watakila ya faɗa. Watakila bai faɗa ba. Wata rana sai in rantse ban taɓa jin maganar ƙuraje ba, wata rana kuma in ji kalmar da muryarsa a kunnena.

Kwana tara Baba ya yi a asibiti, an naɗe shi da bandeji kamar wanda wuta ta ƙona. Kullum in na tashi daga makaranta can nake wucewa. Ana ta kallona a layinmu, ban sunkuyar da kai ba. A rana ta bakwai ya ji motsina.

"Likita ce?"

"Ni ce, Baba. Ka yage takardar."

"Ta yi laushi ne," ya ce. Na ga kamar dariya yake son yi, bakin ya hana shi. "Ba ki zubar mini da ƙusoshin mutane ba ko?"

"Na zubar."

"Kash. Ke dai ba kya jin magana."

Rana ta tara ya rasu da hantsi, ina aji ina koyar da yadda jini ke zagaya jiki.

Mamata ta ce kada in shiga gidan makokin, mata sun cika tsakar gida kuma magana ta riga ta zagaya. Na sa mayafina na shiga. Surutu ya ɗauke. Na ratsa su na zauna kusa da Goggo a kan tabarma, don nan ne wurina.

Ƙanwar Baba, wadda ta zo daga nesa, ta gyara zama. "Ni fa ban gane ba. An ce magani ne ya cinye shi. To wa ke ba shi yana sha har jikinsa ya saɓule?"

Na buɗe baki zan ce ni ce.

"Mu biyu ne," in ji Goggo. "Ita ke ɓallo ƙwayar, ni ke riƙe masa kofin ruwa. Akwai wata tambayar?"

Wata tsohuwa ta yi tari, aka ci gaba da shigowa ana gaisuwa. Ban san ko Goggo ta yafe mini ne ko gajiya ce kawai ba. Can anjima na ji nauyin kanta a kafaɗata. Barci ya ɗauke ta a zaune, bakinta a ɗan buɗe. Hannuna ya mutu tun daga kafaɗa har yatsu, rana ta matso ta hau ƙafafunmu, ban motsa ba.