Kogin da Muka Ɗora wa Doña Herminia

Ni dai aikina rufi. In saman gida na kankare ya fara yoyo, sai in hau da naɗin kwalta da tukunyar gas, in hura wa cikin naɗin wuta har ya yi laushi ya fara sheƙi, in tura shi da ƙafa ya manne. Bayansa kuwa fari ne tas kamar sabon kwano, rana na dukansa sai ka runtse ido.

Gidan Doña Herminia a nan garin Rosario, a kan gadonta daidai yake ɗiga. Ɗanta Osvaldo ya gaji. A gabanta ya faɗa mini, ko kunya babu:

"Fermín, in ya sake ɗiga ko sau ɗaya, gidan tsofaffi zan kai ta. Na gama magana."

Tsohuwar ta zuƙi shayinta na mate, ta ce, "Ji shi, wai ya gama magana. Da bakin da na koya masa."

Wallahi ban taɓa bin haɗin naɗi a hankali irin na wannan rufin ba. Da na gama, na yi yadda muke yi kullum: na toshe indararo da tsumma, na saki tiyo har ruwa ya kai idon sawu, a bar shi ya kwana a ga ko zai ratsa.

Washegari da hantsi ta ce sai an hau da ita. Ni da Osvaldo muka ɗauke ta har da kujerarta. Kai, ni kaina sai da na tsaya! Sama gaba ɗaya ta sauko ta kwanta a cikin ruwan da ke kan gidan. Gajimare na tafiya a ƙarƙashin kujerarta, tattabaru na wucewa a kife. Ita kuwa 'yar tsibiran kogin Paraná ce, a bakin ruwa aka haife ta. Ta cire silifa ta tsoma ƙafa.

Muka sauka ni da Osvaldo duba silin. Ya shafa kusurwa, ya hau kan gado ya shafa tsakiya. A bushe ƙamas. Daɗi ya kama ni, na ce, "To sarkin gama magana, sai ka je ka yi mata albishir."

Ya hau, na bi shi. Ya ce, "Iya, kin ci. Kina nan a gidanki."

Ta ɗago ta dube shi da fara'a, irin wadda ake yi wa baƙo.

"Bawan Allah, ko ka ga kwale-kwalen maigidana a hanya? Yarona ƙarami yana barci a ciki, kada rana ta dake shi."

Ashe ruwan ya mai da ita tsibiransu. Ba ta gane ɗan nata ba. Sai Osvaldo ya naɗe ƙafar wando, ya shiga ruwan, ya durƙusa kusa da kujerarta.

"Na gan su, Iya. An rufe shi da zane. Suna tafe."

Bai waiwayo ba ya ce mini, "Fermín, bar indararon nan a toshe."