Katin Ursu

Sanda Moraru tana cikin wanke keji na tara motar gunduma ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ajiye bokiti ta goge hannu a rigar aikinta, amma kafin ta ƙarasa tsakar gida Otilia ta riga ta fita da fara'arta ta tarbi baƙon, har ta karɓar masa jaka.

Shekara goma sha tara ke nan Sanda tana aiki a gidan karnuka na gunduma. Otilia kuwa bara waccan ta dawo daga Italiya aka ɗauke ta, yarinya mai dogon gashi da waya a hannu kullum. Baƙon shi ne Mista Dobre, jami'in da ake turowa kowace kaka ya duba lissafin karnukan da suka shigo da waɗanda suka fita.

Suka zauna a ɗan ofishin, Sanda ta kawo kofi, ta buɗe masa rajistar da ita ke cikawa da hannunta. Ya gyara tabarau ya bi layi-layi. Shekara biyar da suka wuce karnuka ɗari huɗu da goma sha biyu ne suka shigo, sittin kawai suka sami gida, yawancin sauran allurar mutuwa aka yi musu. Bana ɗari biyu da talatin ne suka shigo, ɗari da tamanin suka fita da ransu, tara kaɗai aka yi wa allura.

Mista Dobre ya cire tabarau ya juya wajen Otilia. Ya ce labarin hotunan da take sawa a intanet ya kai har Bukares, babban birnin ƙasar, kuma zai sa sunanta a rahotonsa. Otilia ta ce ai aikin na su biyu ne. Ya yi murmushi ya ce kunya ma ado ce ga yarinya, ya miƙa wa Sanda kofinsa don ta ƙara masa.

Sanda ta ƙara masa. Ba wanda ya tambayi abin da ya sa masu shigowa suka ragu kusan da rabi. Ita ce ta yi shekara shida tana bin ƙauyuka da likitan dabbobi, cikin taɓo da ƙanƙara, tana roƙon manoma su bari a yi wa karnukansu aikin hana haihuwa. An zage ta, an taɓa sakar mata kare. Amma 'yan kwikwiyon da ba a haifa ba ba su da hoto, ba su da layi a rajista.

Ta fita ta nufi keji na ƙarshe, inda Ursu yake. Tsohon karen makiyaya ne, babba, mai ɗingishi. Shekara uku da suka wuce ta tsince shi a gefen titi da karyayyar ƙafa, ta yi jinyarsa da tuwon masara da madara, a lokacin da ba ya barin kowa ya matso sai ita. Yau ma ya kaɗa mata wutsiya daga kwance. Sai muryar Otilia ta taso daga ofis tana dariya, kare ya miƙe tsaye ya manna hanci a wayar kejin yana kuka ƙasa-ƙasa.

"Kai ma?" in ji Sanda. "Tsohon banza."

Da azahar za a zo a kwashi karnuka shida zuwa Jamus, Ursu na cikinsu. Otilia ce ta samo masa wata tsohuwa mai lambu. Katunan rigakafinsu shida suna kan taga, an ɗaure da roba. Sanda ta zare na Ursu ta cusa a aljihu, ta koma wankin keji.

Motar ta iso kan lokaci. Direban ya ƙirga katuna ya ga biyar, ya ce ba kati ba tafiya, a kan iyaka za a sauke karen. Otilia ta birkice ofis, ta zazzage jakarta a ƙasa, ta leƙa har kwandon shara. Sai gumi take yi, ga Mista Dobre tsaye yana kallo. Sanda ta ji wani sanyi a ranta wanda ta daɗe ba ta ji ba.

"Anti Sanda, ko kin gani? A nan na ajiye da safe."

"Ni da ke wanke kashi, ina ni ina takardu? Ki duba cikin wayarki, ai komai yana ciki."

Aka loda biyar ɗin. Direba ya ce zai sha taba ɗaya, in ba a gani ba ya wuce.

Ana haka keken doki ya shigo. Tsoho Gligor ne daga ƙauyen kan tudu, da wata karya ramammiya ɗaure a baya. Ya ce ta maƙwabcinsa ce, an kai shi gidan tsofaffi, kwana huɗu tana ɗaure ba abinci. Shi kuma ba zai iya da ita ba.

Kejin gidan sittin ne, kuma da tafiyar biyar ɗin karnuka sittin cif suka rage. Da su biyu ne kaɗai da sun haɗa karnuka biyu a keji ɗaya, kamar yadda suka yi duk makon, amma Mista Dobre ya riga ya yi musu magana a kan haka da safe. Ya ce doka a fili take: in gida ya cika, wanda ya fi daɗewa shi ake kira wa likita ya yi masa allurar mutuwa. Ya tambayi wane ne ya fi daɗewa, ya miƙa hannu zai ɗauki rajista.

Sanda ba ta buƙatar rajista, ta san Ursu ne. Ta dubi direban, tabarsa ta kusa ƙarewa. Ta so ta zagaya ta yar da katin a bayan taga ta ce ta tsinta, amma idon kowa yana tsakar gida. Ta sa hannu a aljihu ta ciro shi, ya jiƙe a gefe ɗaya.

Otilia ta dubi katin, ta dubi aljihun. Sai ta juya ta ce wa Mista Dobre ita ce ta ba Anti ajiya da safe ta manta. Wannan ya fi zagi yi wa Sanda ciwo.

Sanda ce ta saka wa Ursu igiya, amma a bakin mota ya turje, sai da Otilia ta tafa hannu ta kira shi sannan ya hau. Motar ta fita, Mista Dobre ya bi bayanta, Gligor ya juya dokinsa.

Sanda ta tsaya riƙe da igiyar sabuwar karyar. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, me matar nan ta Jamus ta gani a jikin gurgun kare har ta zaɓe shi.

Otilia ta miƙo mata wayar. Hoton Ursu ne kwance, idonsa a lumshe, kansa cikin wasu hannuwa biyu jajaye masu kaushi da faso. Ta ce matar ta rubuto cewa karen da ya yarda da hannu haka ba zai ciji jikokinta ba.

Sanda ta daɗe tana kallon hannuwan da ke hoton, nata ne.

"Shi ne kika yanke mini kai."

"Ke kika ce in na ƙara ɗaukar fuskarki za ki jefa wayar a rijiya."

"Na faɗa, kuma zan yi."

Ta mayar mata da wayar, ta ja karyar zuwa keji na ƙarshe. Otilia ta biyo ta da kwanon abinci, Sanda ta karɓe shi daga hannunta a bakin keji, ta ce ta je ta tattara kayan jakarta, wannan karyar ita za ta ba ta abinci.