Lamba Arba'in da Bakwai

Mastura ta ɗaga siririyar takardar gwajin a hasken taga, ta sake dubawa. Shuɗin layin yana nan daram a gurbin sha shida. Ba ta san mai shi ba. Lamba arba'in da bakwai kawai aka rubuta a jikin kwalbar.

Shekararta biyu a ɗakin binciken nan, tun lokacin da soja suka koma bariki. Aiki ne na mai haƙuri. A dangwalo ruwan bakin mahaifa da auduga, a tsamo ƙwayar halittar cutar HPV, a sa a na'ura mai ɗumama ta tana hucewa har abin da ido ba ya gani ya ninku dubbai, sannan a shimfiɗa a takarda a ga wane iri ne. Ire-irenta da yawa, galibi su zo su wuce mace ba ta ma sani ba. Sha shida kuwa in ya samu wurin zama, shi ke kai mace ga ciwon daji.

Mastura ce ta bi gidajen Hausawan Agege tana lallashin mata su je a duba su. Ta sha baƙar magana, har da mai ce mata boko ya wanke mata kunya.

Likitar da ke jagorantar aikin ta buɗe rajista. Nas ta rubuta cewa akwai miki a wurin, yana jini in an taɓa.

"Ki nemo mini ita cikin satin nan," in ji likitar. "Wannan ba ta jira."

Sunan da ke gaban lambar shi ne Aïchatou Boubacar. Mastura ta san ta sarai, mutuniyar Maraɗi ce mai sayar da fura, katanga ɗaya ta raba su da gidan mahaifiyarta. Ta hau danfo, bas ɗin haya, tana ta saƙa yadda za ta faɗa mata.

Aïchatou ta saurara har ƙarshe, ludayi a hannu.

"Ni? Wallahi rabona da lokotoro tun haihuwar autana."

"To ai ga sunanki, Mama. Ko nas ɗin ce ta yi mistake?"

Matar ta dubi katanga. "Ara shi aka yi, ɗiyata. Aka ce in rufa asiri. Amma ciwo ba a rufa masa asiri."

Nan take Mastura ta gane mahaifiyarta Kalsum ce ta ari sunan. Ita ce 'yar fari a wurin Kalsum, kuma Kalsum irin matan da ce. Shekara talatin ba ta taɓa kama sunanta ba, sai "ke" ko "waccan". Ko a bikinta ɗaki ta shige. Yaya mace irin wannan za ta yarda 'yar farinta ta ga sunanta a takardar ciwon mata? Ashe ranar da Mastura ba ta asibitin ta zaɓa, ta je da sunan maƙwabciya. Sai yanzu ta tuna watannin da Inna ta hana kowa wanke mata zannuwa. Haushi ya kama ta, tsoro ya danne haushin.

Ta same ta a tsakar gida tana wanki. Kalsum na ganinta ta tura wani zane ƙarƙashin kumfa.

Mastura ta durƙusa ta gaishe ta. Duk Turancin da ta iya ya gudu, Hausar ma da ƙyar ta fito.

"Inna, an ce mai lamba arba'in da bakwai ta koma asibiti gobe."

Kalsum ba ta ɗago ba. "Sai ki je ki gaya mata."

"Na gaya mata. Da safe zan zo in raka ta."

Hannuwan tsohuwar suka tsaya cikin ruwa.

"Mastura," ta ce.

Mastura ta daɗe tana kwaɗayin jin sunan nan daga bakin nan. Yau da ta ji, da ma ba ta ji ba.

"Abin zai kashe ta ne?"

"Ban sani ba tukuna, Inna. Shi ya sa za mu je."

Ta jawo kujera 'yar tsugunno, ta tsoma hannu cikin kumfar ta ciro zanen. Kalsum ba ta hana ta ba.