Salka Ɗaya a Hamada

Duk Asabar bayan la'asar muna taruwa a barandar Malam Rufus, malamin lissafi a Wurno, mu yi wasan labari. Shi ke tsara labarin, kowannenmu ya ɗauki jarumi guda, ƙwayar ludo ta raba gardama. Yana da wani ƙaton littafin dokokin faɗa, amma ban taɓa ganin ya buɗe shi ba. Ko ranar da kuraye goma suka tare mu a daji, jifa ɗaya aka yi aka wuce. Na ji haushi ƙwarai, don na so in nuna bajinta.

Cikinmu akwai Halliru da ƙanensa Isa. Shekara biyu ba sa ga maciji, tun da Halliru ya karkatar da ruwan lambu zuwa albasarsa, ta Isa ta bushe. Wasan nan kaɗai ke haɗa su tabarma ɗaya, sai wata Asabar Isa ya ce daga wasan ranar ya daina zuwa.

A labarin, jarumansu biyu suka ɓata a hamada da salkar ruwa ɗaya, kowa ya ce tasa ce. Sai ga Malam ya jawo littafin.

Na ce, "Haba Malam, kan salka? Kuraye goma ba su isa ba?"

Ya ce, "Wa ya damu da kuraye, Mujaheed? Wannan kam sai a hankali."

Dokar ta ce zagaye bakwai za a yi. Kafin jifa, kowa ya faɗi abin da yake tsoro, wanda ya ci kuma ya faɗi abin da cin ya raba shi da shi. Da farko dariya muke yi. A zagaye na uku muryar Isa ta sauya.

"Ba ƙishirwa nika tsoro ba. Tsoro nikai in hwaɗi, Yaya bai waiwayo ba."

Halliru ya jefa, ya samu shida, ya ci zagayen.

Malam ya tambaye shi, "Me ka rasa?"

Halliru ya ce, "Ƙanena. Isa, waccan shekara kullum da sahe ina ganin albasarka tana mutuwa. Kunya ta hana ni zowa."

Wallahi abin da dattawan unguwa suka kasa cirowa daga bakinsa, ga shi ya fito a kan ruwan da babu shi.

Isa ya share ido. "Malam, saura zagaye nawa?"

"Huɗu."

Ya gyara zama, ya miƙa hannu. "Miƙo ƙwayar, Yaya. Ni ma da abin da zan hwaɗi."