Kitse a Jinin Tsinke

A tsakiyar matakala numfashi ya ƙwace masa, ya zauna da akwatin kayan gyaran famfo a cinya. Mai saƙa, maƙwabciyarsa ta ƙasa, ta leƙo ta same shi dafe da ƙirji. Tsinke ake ce masa, don in ya juya gefe sai ka neme shi.

"Baban yara, me likitan ya ce?"

"Wai kitse ya yi yawa a jinina." Ya ɗaga hannu kamar sillen kara. "Yaya, dube ni fa. Ko mahauci ba zai taya ba."

Ba ta yi dariya ba. Da ya koma asibiti ita ta raka shi, matarsa na fama da jego. Ta ga jininsa a 'yar kwalba, samansa ya yi fari kamar an zuba madara. Ta daɗe tana kallo, har ta ji kamar ɗakin yana tafiya da ita a kan ruwa. Daga nesa take jin likita yana cewa kitsen jini ba ruwansa da ƙiba, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon yadda jijiyoyin zuciya ke toshewa. Nasa sun kusa rufewa. A zo cikin makon nan a buɗe.

"Bari in gama aikin da na karɓa," in ji shi a hanya.

Makon ya wuce, wani ya bi bayansa. Kullum da safe sai ta tare shi a ƙofa.

"Bututun mutane kake buɗewa, naka fa?"

"Masu ƙiba ma suna yawo, Yaya. Gobe."

Da ta gaji da goben, ta kira mota da kanta, ta hau sama ta karɓe akwatin daga hannunsa. Bai yi gardama ba. Ya sumbaci jaririyar, ya sauko a hankali, hasken hantsi yana shigowa ta tagar matakala, ƙura na iyo a ciki.

"Tsaya in ɗaure takalmi."

Ya zauna, ya ɗaure ɗaya, ya jingina kansa da bango kamar mai sauraron wani abu a ciki. Ta kira shi da sunansa na yanka da ba ta taɓa faɗa ba. Ta taɓa ƙirjinsa, babu numfashi.

A waje direba ya danna hon sau ɗaya. Da ya leƙo ya gan ta durƙushe, sai ya koma ya kashe rediyo, ya kashe injin.