Dalmar da Ta Ƙi Zama

Dalmar ta shiga bakin kwanson a karkace, kamar hular da aka ɗora wa mai gyangyaɗi. Baba Attahiru maƙeri ya ɗaga harsashin wajen hasken ƙofa, ya juya shi, ya ja tsaki. Halliru na tsugune kusa da zugazugi, hannuwansa a kan gwiwa, yana kallo kamar aikin wani ake yi.

Jakinsa ne ke kwance a bayan garin Goronyo tun hantsi. A hanyar ɗauko albasa daga fadamar Gulbin Rima ƙafarsa ta gaba ta faɗa tsagar laka, ƙashin ya karye har ya hudo fata. Aka sauke mangala, aka kwance akumari, maza suka taru suka ja shi zuwa gindin kukar da ake kai irinsa. Haka ake yi, kuma ba wanda ke ganin mugunta a ciki. Ba a yanka jaki. Mahaucin da wuƙarsa ta taɓa wuyan jaki ya gama sayar da nama a garin nan, shi da jikokinsa. Sai dai a bar dabbar da Mai ita, ungulaye su yi nasu da rana, kuraye su ƙarasa in duhu ya yi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ungulu ba ta jiran rai ya fita, kuma daga ido take farawa.

Halliru ya san wata hanyar. Shekarun da ya yi soja a yaƙin Bama, can ƙetaren teku, ragamar alfadarai ya fi riƙewa a kan bindiga. In ɗaya ya karye a hawan dutse, sajan kan zaro libarba, 'yar ƙaramar bindigar nan ta ɗamara, ya ɗora masa a goshi, kafin ƙarar ta gama zagaya daji dabbar ta huta. A duk abin da ya gani a yaƙin, wannan kaɗai ya ga kansa da gindinsa. Ya dawo gida da irin bindigar naɗe cikin bargo, da 'yan harsasan da ba su cika tafin hannu ba. Ba wanda ya tambaye shi inda ya samo, shi ma bai faɗa ba.

Tun dawowarsa ake cewa gangar jikinsa ce ta dawo. Yana ci, yana salla, yana zuwa fadama. An yi masa haihuwa ya raɗa suna, bai ji komai ba. Mahaifiyarsa Inno ta rasu, da shi aka kai ta, ya dawo ya karɓi gaisuwa, bai ji komai ba. Jakin kaɗai yake yi wa hira a hanya, don shi ne bai taɓa tambayarsa yadda Bama take ba.

Da aka watse daga gindin kuka, gida ya nufa ya sauko da ƙunshin daga rufin ɗaki. Bindigar na nan lafiya. Harsasan ne duk babu kawuna. Kwansunan tagulla ne kawai, kowanne an toshe masa baki da auduga don kada albarushi ya zube, tsaf, aikin mai hankali. Yayansa Mode masunci na tsakar gida yana ɗinkin birgi, ragar da yake wurgawa a gulbi, bai ma jira an tambaye shi ba.

"Ni nic cire su tun bara," in ji shi. "Birgina ya rasa nauyi, ga darma aje ba ta aikin komi. Amma ban taɓa maganin ba. Duba ka gani, har auduga nis sa mai."

Mode ba ɓarawo ba ne. Mutum ne da duk abin da ya ɗaga ya ji nauyi, kifi yake gani. Da ya ji abin da ake so a yi da harsashin, ya kawo shawarar taɓarya. Halliru ya taɓa ganin an yi wa dabba haka, ya san ba bugu ɗaya ba ne, ba kuma biyu ba, saboda haka ya kau da kai. Mode ya sunkuyar da kai, ya sa wuƙa ya yanko dalma daga gefen birgin ya zuba masa a hannu. Tana ƙarnin kifi.

Baba Attahiru bai so karɓar aikin ba. Shi fartanya da lauje yake ƙerawa, sai in mafarauta sun zo ya zuba musu dalmar bindigar adaka, wadda ba ta da wani tsirfa: a dunƙule ta, a naɗe da tsumma, a ɗura ta baki, a danna. Wannan kuwa kayan Nasara ce, in 'yan doka suka ji ƙamshinta har Sakkwato za a kai su a ɗaure, shi da furfurarsa. Ya tambayi Halliru wa zai harba. Halliru ya ce jaki. Tsohon ya daɗe yana dubansa, sannan ya miƙe ya jawo zana ya rage ƙofar.

Ta farko da ya zuba ta yi ƙiba. Ya ɗora ta a bakin kwanson ya ɗan taɓa da masaba, bakin ya tsage kamar ɓawon gyaɗa. Ta biyu ya goge ta da magagari har ya zarce, ta zurma ciki ta ɓace, da ya kifa don ya fito da ita albarushin ya biyo ta ya zube a ƙasa. Hannu ba ya manta abin da ya saba, sai ya naɗe ta uku da tsumma yadda yake yi wa adaka. Ta kama kam, har ya yi murmushi. Amma kwanson ya kumbura, ya ƙi shiga ramin bindigar ko da rabi. Sai kuma wannan karkatacciyar da ke hannunsa yanzu, wadda ya yi ƙoƙarin miƙewa da awartaki, tagullar ta lotse.

"Kai da kaz zamna da Nasara," ya ce, "ba ka ga yadda suka yi nai ba?"

"Harbawa anka koya muna, Baba. Cikin akwati aka kawo su."

Aka kira azahar. Suka yi salla a bakin maƙera, suka koma. Ta saman zanar ana hango ungulaye suna kewaya sararin bayan gari. Ɗazu suna can sama kamar ɗigon tawada, yanzu har ana iya ganin tsagar fukafukansu. Halliru ya dube su, ya nemi wani abu a ransa, tsoro ko haushin Mode ko gaggawa, bai tarar da kowa a gida ba. Abin da ya sani kawai shi ne akwai aikin da ya kamata a yi kafin su sauka, kuma ba a yi ba.

Wata ta zauna a miƙe, suka yi tsammanin an gama. Da aka sa ta, kanta ya yi tsawo, gangar bindigar ta ƙi juyawa. Baba Attahiru ya ce bari ya ɗan ƙara danna ta. Ya danna, ta wuce inda ake so, bakin ya yage. Ya jefa ta cikin tarin gawayi, ya share gumi da gefen riga. Mutumin da ya shekara arba'in ƙarfe na yi masa biyayya, yau ga ɗan abin da bai kai ɗanyatsa ba yana wasa da shi.

"Wanga shi an na ƙarshe," ya ce. "In ya tsage, sai haƙuri."

Ya ajiye masaba can nesa, kamar yana tsoron hannunsa ya kai gare ta. Ya goge dalmar a hankali, yana gwadawa yana cirewa, ya shafa mata ɗan kitse, ya tura ta da guntun ice kaɗan-kaɗan, numfashinsa a riƙe. Ta shiga. Ta tsaya a miƙe, ba ta girgiza, ba ta leƙo fiye da kima. Ya sa a bindigar, gangar ta juya sumul. Ya miƙa wa Halliru da hannu biyu.

"Zama dai ta zamna. Abin da ac ciki, damina ta bi ta kainai, wannan Allah as sani."

La'asar ta yi sanyi lokacin da Halliru ya isa gindin kuka, bindigar a cikin riga. Ungulayen sun riga sun sauka. Da suka gan shi ba su tashi ba, suka dai yi tsalle gefe da nauyin jiki, irin na masu gida da aka katse wa cin abinci. Idon jakin na sama babu shi, sai rami da ƙudaje. Cikinsa na hawa yana sauka.

Jakin ya ji takun da ya sani. Ya ɗago kai, ya juyo da ɗaya idon, ya kafa ƙafarsa mai lafiya a ƙasa yana yunƙurin tashi, yadda yake yi kowace safiya in an zo ɗaura masa akumari. Ya faɗi. Ya sake yunƙurawa.

Halliru ya durƙusa ya dafa masa wuya har ya kwanta. Ya yi bisimilla, ya ɗora bakin bindigar a inda sajan ke ɗorawa, ya ja kunama.

Ƙarar ba ta fi tarin tsoho ba. Ɗan hayaƙi ya fito ta gefe ya bi iska. Dalmar ta tafi rabin hanya ta maƙale a cikin bututun, ta zauna daram, zaman da aka wuni ana roƙonta. Jakin ya kaɗa kunne kamar ƙuda ne ya taɓa shi. Ko ungulayen ba su razana ba.

Ya sake jan kunamar, ya san babu komai, ya dai ja. Sannan ya ajiye bindigar a ƙasa.

Nan abin ya same shi. Tausayi ne, tsantsarsa, ya taso masa daga ciki, irin wanda ya nema ranar da aka binne Inno bai samu ba. Bai yi murna da zuwansa ba. Ya zo a makare, kuma ba shi da abin da zai yi da shi.

Ya tuɓe rigarsa ya rufe wa jakin fuska, ya gyara ta yadda iska za ta shiga hanci. Ya bi gefen gona ya tattaro hoge ya tara a gabansa, ya zauna ya jingina bayansa da na dabbar, yana jin numfashinta na tura shi yana sakinsa. Rana na da sauran tafiya, jakin kuma da sauran ƙarfi.

Ungulun da ta fara matsowa ya jefe ta, bai same ta ba. Ya ɗauki wani hogen.