Hotunan Makka na Hajiya Atika

Malam Ɗalhatu, jami'in kula da dabbobi, yana tsaye a karar shanu ta Shagari lokacin da wayarsa ta ce ta cika. Ga wani bijimi da ya cancanci bidiyo. Sai ya goge tarin hotunan da ya tarar a ciki, kuma da yake mutum ne mai tsafta, ya bi su har kwandon shara ya ƙarasa su.

Da azahar ya kira 'yarsa Mufida, mai rubuta manhajar waya a Sakkwato, don ta yaba masa.

"Baba, waɗanne hotuna?"

"Na Makka mana. Ai suna wayar uwarki."

"Innalillahi! Asusu guda na buɗe muku kai da Inna. Abin da ka goge nan, ka goge can. Datarka a kunne take?"

"Ta ƙare tun shekaranjiya."

"Alhamdu lillahi. To wayar ba ta kai rahoto ma'ajiyar intanet ba tukuna. Kada ta shaƙi intanet har in zo Asabar."

Matarsa Hajiya Atika sau ɗaya ta je Makka, amma babu baƙon da ya taɓa fita gidanta bai je tare da ita ba, hoto bayan hoto.

Shekara da shekaru Malam Ɗalhatu yana hawa suri yana ɗaga waya sama don neman sabis. Yau shi ke gudunsa. A ofis, wani abokin aiki da bai taɓa ba kowa ko goro ba ya ce zai tura masa data kyauta. Malam ya ce Allah ya kiyaye. A motar komawa gida Bodinga ya naɗe wayar a hula ya zauna a kanta.

Ya yi sallama ya shiga gida da la'asar. Hajiya na kan tabarma da maƙwabciyarta Mariya, suna kallon hotuna, sun kai Arfa.

Aljihunsa ya yi ɗan motsi.

Nan ya tuna. Hajiya takan kunna wa baƙi intanet ɗin wayarta, shi kuma tun bara ya saci lambar sirrin, yana sha a ɓoye. Wayarsa ba ta san kunya ba. Ta gane gida, ta gaisa.

"Ga ni wajen jifa," in ji Hajiya. "A'a. Ina ni? Mariya, mi kika taɓa?"

"Wallahi ko hannu ban kai ba, Hajiya."

Mina ta tafi. Madina ta bi ta. Hoto ɗaya ya rage, na wani bijimi, yana kallonsu.

"Malam, zo duba min wagga waya. Kai ka yi jami'a."

Ya karɓa, ya gyara tabarau, ya juya ta gaba da baya kamar mai duba haƙoran rago.

"Sai Mufida ta zo," ya ce. "Tun farko ban yarda da yadda yarinyar nan ta haɗa abin ba."